Z3 ɗina tana rawa in na taka birki: bushin ne, mauntin ne, ko shoka?

Tambaya: Assalamu alaikum Masta. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Na sayi BMW Z3 ƙirar 1998. In ina kan gudu na taka birki sai sitiyari ya kama rawa, in na hau tudun rage gudu sai in ji ƙwas a gaba, tayoyin gaba kuma suna cinyewa ta ciki. Wani fita, wato makanike, ya ce shoka ce, wani ya ce a yanka mini bushin daga tsohuwar taya a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, a wuce wurin. Me zan canza, wane iri zan saya, kuma zan iya yin aikin a gida?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa alheri a motar, ya kiyaye hanya.

Kada ka sayi shoka tukuna. Shoka in ta mutu, mota lilo take yi bayan ta sauka daga tudu, hancinta ya riƙa dukawa in an taka birki, wani lokaci ka ga mai ya jiƙa jikin shokar ƙura ta manne. Ba ta cika sa sitiyari rawa ba. Rawar da ka faɗa, a irin motarka, wurin da ake fara leƙawa shi ne bushin, wato robar da ke riƙe wutsiyar baya ta lowa-am, ƙarfen da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota. Ƙarar kan tudu kuwa tana iya zama mauntin, wato mazaunin da ke riƙe saman shoka a jikin mota, tana iya zama boljoyin, mahaɗin nan mai kan ƙwallo, tana iya zama ɗan linkejin sitabilaiza (sandar da ke rage karkatar mota a kwana) wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa nake so a gwada kafin ka fitar da ko sidi ɗaya.

Bari in fara da yadda ƙafar take, don in ka gane ta babu mai juya ka. An ƙera Z3 daga 1995 zuwa 2002 a masana'antar BMW da ke Amurka, amma ƙafar gabanta aro ce daga E36, wato BMW jeri na 3 na shekarun 1990 da har yanzu ake gani a titunan Kumasi. Wannan sauƙi ne gare ka. In ka shiga Magazin ko Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, ka ce Z3, ko a ce babu ko a ƙara maka kuɗi. Ka ce lowa-am ɗin E36, bushin ɗin E36, za a ciro maka. Shoka da sifirin ne nata daban, su kam a bi haruffa da lambobi 7 na ƙarshen lambar shasi a nemo na ainihi.

Lowa-am ɗin ƙarfe ne mai siffar L, wuri uku yake kamawa. Boljoyin na waje yana gindin ƙafar taya. Na ciki yana jikin ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin injin. Sai wutsiya da ta miƙe baya ta shige cikin wata roba mai faɗin milimita 60, wadda ke zaune cikin zoben ƙarfe mai hannu da aka ɗaure a jikin mota da bolti biyu. Duk sanda ka taka birki, ƙasa tana jan taya baya, lowa-am ya juya a kan boljoyin na ciki, wutsiyar ta danna robar gefe. In robar ta tsage, taya ta samu sarari ke nan: ta ja baya, bakinta ya buɗe waje, ta dawo, ta sake. Ɗan rashin daidaito a faifan birki, wanda lafiyayyar roba za ta shanye ba ka sani ba, shi ne yake zama rawa a hannunka. Buɗewar bakin nan kuma ita ke cin taya ta ciki. Mota ta haura shekara 25, ga zafin ƙasarmu, ga man injin da man sitiyari da waɗannan motoci suka saba ɗigarwa ta gefen hagu, in har ba a taɓa canza robar ba to ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko sifana. A samu shimfiɗaɗɗen fili, wani ya tuƙa a hankali kamar tafiyar ƙafa, kai ka tsaya a gefe ka zuba wa tayar gaba ido, sai ya danna birki da ƙarfi lokaci guda. In bushin na da rai, taya tare da mota za ta tsaya. In ya mutu za ka ga ta zabura baya a cikin gidanta. Bayan nan a ɗaga motar. Kama taya sama da ƙasa ka jijjiga, in akwai wasa boris ne ko boljoyin na waje. Kama ta hagu da dama, in akwai wasa tayarod ne, wato sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya, ko boljoyin na ciki. Sa liba a wutsiyar lowa-am ka ɗan danna kana haskawa da tocila. Tsagar da ba ta fitowa in robar na kwance, da ka danna za ta buɗe baki ka ga baƙar robar ciki ta rabu da zoben. Dubi 'yan rigunan roba na boljoyin su ma, in sun yage ƙasa ta riga ta shiga.

Mauntin daga sama ake gwada shi, motar na tsaye a ƙasa. Buɗe bonet, ɗora tafin hannu a kan kwanon da noti uku suke, wani ya juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Akwai boris a cikin mauntin, domin shoka da sifirin tare da taya suke juyawa. In ya bushe za ka ji gurzawa a tafinka, ko sifirin ya maƙale ya saki da ƙara. Robar da ta kewaye babban noti na tsakiya in ta tsattsage zagaye, ko tsakiyar ta turo sama fiye da ta ɗaya gefen, ta gama aiki.

To, batun bushin na taya. Masu yanka shi daga tsohuwar tayar babbar mota a Magazin gwanaye ne, ban raina sana'arsu ba. Trotro, wato bas ɗin haya, da tipa nawa suka tsayar a kan hanya lokacin da babu kaya a kasuwa? A idon sifirin mai ganye, ko a robar da ke rungume sandar sitabilaiza, aikinsu yana ɗaukar lokaci. Amma wannan wurin daban ne, kuma nan ne nake so ka tsaya ka fahimta, don duk sauran bayanin a kansa yake.

Bushin na kamfani ba roba ce kawai da aka cusa a rami ba. An dafa ta ne ta manne da wani siririn ƙarfe da ya kewaye ta, wanda ake matsewa cikin zoben, cikinta kuma ya damƙe wutsiyar lowa-am ba ya saki. Saboda haka in taya ta yi sama ko ƙasa babu abin da ke zamewa a ciki. Robar ce ke murɗewa ta warware, kamar yadda ake murɗe wanki a matse ruwa a sake shi. An auna taurinta, kuma ta wani gefen ta fi laushi, shi ya sa aka bar mata tagogi. Robar taya ba ta manne da komai ba, akwai zare a cikinta, ramin tsakiya kuma da wuƙa aka fafe. Ranar farko za ta yi tsam, ƙara ta ɗauke, ka sallami fita kana murna. Bayan 'yan makonni ramin ya buɗe, wutsiyar ta fara yawo, an gudu ba a tsira ba. A motar da kamfani ya ƙera ta iya kai wajen kilomita 200 a awa, ba zan sa hannuna a wannan aikin ba.

Haka kayan hom-yus, wato na hannu da aka ciro daga motocin ƙasashen waje. Zoben ƙarfe, kan ƙafa (ƙarfen da taya ke ɗaure a kai), sifirin, duk ka saya hom-yus ba laifi. Amma robar da aka ciro daga motar da ta mutu a Jamus sa'ar taka ce a shekaru. Kuma bushin ɗin nan da zarar an zare shi daga wutsiyar lowa-am ba a mayar da shi.

Sabo kuwa iri uku za ka tarar. Akwai na asali mai tagogi, shi ya fi laushi, shi ya fi saurin gajiya a hanyoyinmu. Akwai na M3, wato nau'in E36 mai ƙarfin gudu, roba ce kusan cike ba ta da manyan tagogi, faɗinsa ɗaya da naka, yana shiga zoben ba gyara. Shi nake zaɓar wa mutane: birki ya tsaya cak, sitiyari ya yi kaifi, abin da za ka ƙara ji na gargada kaɗan ne. Sai dai na M3 ɗin kashi biyu ne. Na M3 mai injin 3.2, daga 1996, raminsa a tsakiya yake. Na wanda ya gabace shi raminsa a gefe yake, yana tura taya gaba ya ƙara wa sitiyari nauyi. Kai mai rami a tsakiya za ka ce a ba ka, kuma ka buɗe kwalayen biyu a gaban mai shago ka haɗa su. Na uku shi ne foliyuritan, robar nan mai tauri mai launin shuɗi ko ja ko rawaya da samari ke yayi. Shi ba murɗewa yake yi ba, zamewa yake a kan giris. A filin tsere yana da kyau. A nan, ƙurar hunturu da jar ƙasa suna haɗuwa da giris ɗin su zama abin gurza, damina ta wanke sauran, sai kuka ya tashi. Dukan da roba za ta shanye kuma sai ya wuce kai tsaye zuwa boljoyin da jikin mota. In zirga-zirgarka Aboabo ce da Adum da Tafo, bar shi.

Kada a ba ka na E46, wato jeri na 3 da ya biyo bayan E36, a ce ai duk BMW ne. Wutsiyar lowa-am ɗin E46 mai kusurwa shida ce, yawancin bushin ɗinta kuma milimita 66 ne. A kan suna, Lemförder yana cikin masu yi wa BMW kaya tun daga masana'anta, Meyle kuma suna da nau'in da suke rubuta wa HD. Amma kwali ba shaida ba ne, na jabu ma kwalinsa yana sheƙi. Dubi jikin robar, tambari da lamba a zube suke a cikinta, gefenta a tsabtace. In farashin ya faɗi ƙasa da na kowa da nisa, araha ba ta ado. Ba zan faɗa maka kuɗi ba, don dala ke juya shi kowane mako, ka zaga shago uku ka ji.

Shawarata a kan me za a canza: duk abin da za a taɓa, a taɓa hagu da dama tare. Sabon bushin a gefe guda da tsoho a ɗaya gefen yana sa mota ta ja gefe a birki. In ko da boljoyin ɗaya yana wasa, sayi lowa-am sukutum guda biyu, ana sayar da shi da boljoyin ɗinsa a jiki. Dalili kuwa lissafi ne: in ka sa sabon bushin a tsohon lowa-am, bayan wata shida boljoyin ya mutu, sai an sake sayen bushin, an sake biyan aiki, an sake biyan alaimen, wato daidaita bakin taya.

Ɗora bushin shi ne inda aka fi ɓata aiki, kuma ba rashin ƙarfi ke ɓata shi ba. A fara matse sabuwar robar cikin zoben da injin matsi, ba da guduma ba. Akwai 'yar kibiya a jikin robar da alama a jikin zoben, dole su kalli juna. Wasu kamfanoni suna sayar da shi a matse cikin zobensa, in ka samu haka ka huta. A zare tsohon daga wutsiya da abin zarewa mai ƙafa, ko a yanke robar a ɓalle saura. Kada a ƙona shi da wutar walda yana jikin lowa-am ɗin da za a ci gaba da amfani da shi. A goge wutsiyar ta yi fes.

Sai abin shafawa. Ban da giris, ban da baƙin mai, ban da man birki. Mai yana cin roba, kuma ba ya bushewa, don haka wutsiyar za ta yi ta zamewa har abada. Kamfanin yana da ruwansa na musamman mai bushewa, mu a nan ruwan sabulu muke sawa, yana yin aikin. Da an tura bushin ya shiga, an ɗaure bolti biyu na zoben, waɗanda awon ɗaurinsu a sifana mai awo Nm 47 ne, to agogo ya fara. Ƙa'idar BMW ita ce cikin minti 30 mota ta sauka a kan tayoyinta. A ɗan tura ta gaba da baya, a danna hancinta sau biyu, sannan a bar ta tsaye ta huta kafin a tuƙa. Dalilin shi ne, muddin sabulun na da danshi robar za ta juya ta nemi mazauninta daidai da tsayin da mota ke tafiya a kai. In ta bushe mota na rataye a jak, ƙafa na lilo, to a can za ta kama. Ka sauke motar, robar ta murɗe tun ba a je ko'ina ba, kowane rami ya ƙara mata a kan wanda take ciki. Nan ne za ka ji mutum ya ce ya sa sabon bushin na asali bai yi shekara ba. Yawanci fita ne ya ɗora gefe guda, ya tafi cin abinci, ya dawo ya yi ɗayan. Saboda haka a shirya komai na gefen biyu tukuna, bushin ya zama na ƙarshe, in kuma za a taɓa mauntin a gama da shi kafin nan.

Wannan ƙa'idar ba ta BMW kaɗai ba ce. Mai Mazda MX-5 ko tsohuwar Benz, inda bolti ke ratsa tsakiyar bushin, ba a yi masa ɗaurin ƙarshe sai nauyin mota na kan taya, a kan rami ko a kan gada.

Mauntin sai an fito da shoka da sifirin gaba ɗaya. A cire wayar ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, da tiyon birki daga maƙalinsu, a kwance boltin da ke haɗa shoka da kan ƙafa, a ɗaure kan ƙafar da waya don kada nauyinsa ya rataya a tiyon birki, sannan a kwance ƙananan noti uku na sama. Babban noti na tsakiya ba a taɓa shi sai an matse sifirin da abin matse shi na ƙarfe, guda biyu suna fuskantar juna. Na san ana ɗaure sifirin da igiya ko waya, na san wasu suna taka shi da ƙafa su saki noti. Sifirin da ke ɗauke da kusurwar mota in ya kuɓuce yana karya muƙamuƙi. In ka ga yaron shago ya nufi yin haka a motarka, tsayar da shi.

Wurin kwance babban notin, a riƙe sandar shoka ta kanta da makullin da aka yi mata. Kada a damƙe jikinta mai sheƙi da filaya, ƙaramin tabo ya isa ya yanka sil ɗin mai ya fara zuba. Kada kuma a bar bindigar iska tana juya sandar. Tunda an buɗe, a canza robar da sifirin ke zama a kai sama da ƙasa, da soson da ke tare shoka in ta kai ƙarshe, da rigar ƙura. Ƙarshen sifirin yana da gurbinsa a kwano, a tabbata ya zauna ciki kafin a saki matsi. A nan ne kuma za ka san gaskiyar maganar fitanka na farko: danna sandar shoka da hannu, in ta shige ba turjiya ko akwai wurin da take faɗawa fanko, to ita ma ta tafi, a canza biyun.

Kafin a mayar, ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan kwanon jikin mota inda noti ukun ke zama. A waɗannan motoci ƙarfen wurin ba shi da kauri, dukan rami yana kumbura shi sama, har boltin mauntin su karkace waje. In ya kumbura a daidaita shi, a duba tsaga, a sa farantin ƙarfafawa. BMW da kanta tana yin wannan farantin don motocin da ake kai wa ƙasashe masu munanan hanyoyi. Ƙananan notin uku awonsu bai kai Nm 25 ba, masu ɗaurewa da dukan ƙarfinsu su ke tsinka boltin. Duk noti mai kulle kansa, na boljoyin da na shoka, sabo ake sawa.

Ko za ka iya a gida? Bushin da lowa-am, in kana da ƙafafun ƙarfe na ajiye mota, da sifana mai awo, da mai taimako, za ka iya, ka kai zoben Magazin a matse maka. Notin boljoyin na ciki yana cikin lungu ƙarƙashin mazaunin injin, zai ci maka lokaci. Ban yarda ka shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai ko kan bulo ba. Mauntin kuwa in ba ka da abin matse sifirin, ciro shokar ka kai inda suke da shi.

Alaimen a yi shi a ranar ko washegari, kada a ce sai an ɗan yi yawo. A gaban wannan motar bakin taya kaɗai ake iya gyarawa, ta tayarod. Kwanciyar taya ciki ko waje ba ta da abin juyawa daga kamfani. Saboda haka in injin awo ya nuna gefe guda ya bambanta da ɗayan sosai, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, ko shoka ko kan ƙafa, ko kwanon sama, a nemo shi. Kada ka yarda a faɗaɗa rami da gurza don lamba ta yi kore a allo. BMW tana auna motocinta ne da cikakken tanki da nauyin kilo 68 a kowace kujerar gaba, in babu buhun yashi ku zauna ciki kai da wani. Ka ce a kwance makullin tayarod tun da wuri a ga yana juyawa, don in tsatsa ta kama shi alaimen ba zai yiwu ba.

In an gama duk wannan rawar birki ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, saura faifan birki. A cire shi a kankare tsatsar da ke tsakaninsa da mazauninsa, a auna kaurinsa, mafi ƙarancin da aka yarda a rubuce yake a jikinsa. In ya kai, a canza biyun tare da takalman birki. In rawar tana zuwa ko ba ka taka birki ba, tsakanin kilomita 80 zuwa 110, to balansin taya ne ko rim ya lanƙwashe. Tayoyin da suka riga suka cinye ta ciki ba za su gyaru ba, za su ci gaba da ƙugi da jan mota ko da ƙafa ta zama sabuwa. In za ka sayi wasu, duba lambobi 4 na ƙarshen layin DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Bayan ka yi tafiyar mako guda, a sake ɗora sifana mai awo a kan boltin taya da na zoben bushin, a leƙa mauntin na shokar baya ma tunda ana wurin, don a Z3 su ma ba sa daɗewa.